Rigar Babur Tana Motsi

Litinin, 4 ga wata. Aikin farko: a goge babur ɗin Yaya, a tayar da shi minti goma.

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin isa lafiya, kuma aikin jinya a sansanin masu gina madatsar ruwan bai yi miki yawa ba. Ki yi haƙuri da layin da ke saman takardar nan, daga littafin ayyukana na yago ta. Direban motar kayanku ya ce duk mako biyu yake zuwa gari, kuma waya ba ta shiga wajenku, don haka ta hannunsa za ki riƙa ji daga gare ni.

Mu nan kowa lafiya. Maiɗakina ta yi mura kwana uku ta warke. Ni ma ƙugun da sauƙi, sai in na daɗe a sunkuye a ɗakin fayil. Na leƙa Gwaggo, mahaifiyarki, ranar Juma'a. Kumburin ƙafar ya sace, har ta rako ni bakin ƙofa, ko da yake ina jin don ta tabbatar ban taɓa mata komai a hanyar fita ba ne.

Yanzu batun amana. Babur yana cikin zaure, na rufe shi da tsohon zanen gado. Kullum da safe ina tayar da shi, ranar Asabar kuma in zaga layinmu sau biyu, a hankali, har masu keke suna wuce ni suna gaishe ni. Ƙanenki Guguwa ya zo sau biyu. Ya ce, "Akawu, ara mini in je in dawo, ko injin ba zai yi ɗumi ba." Na ce Yaya ba ta ce ba. Ya yi dariya ya ce, "Ba komai. Da ƙafarka za ka kawo mini makullin har gida, da sallamarka."

Ban manta da sharaɗin da Gwaggo ta kafa a gaban kowa ranar tafiyarki ba: in babur ya sami ko ƙwarzane a hannuna, makulli ya koma wajen Guguwa. Ban ji haushinta ba. Tun da na gyara rediyon Kawu ya daina magana, shekara goma sha ɗaya ke nan, ba wanda ya ƙara ba ni ajiyar ko allura a danginmu. Ke ce kika fara. Ba na so ki ji kunya.

Akwai abu ɗaya da na lura da shi. Robar nan ja da ta lulluɓe jikin babur, wadda ni nake ce wa riga, tana motsi. In ka sa yatsa ka danna, sai ta ɗan ba da kai ta dawo. Na ƙirga notocin da suka riƙe ta, goma sha biyu ne, shida a kowane gefe, kuma ko'ina haka take. Na gwada da rula, motsin bai kai kaurin ƙwayar shinkafa ba, amma motsi ne. Wataƙila ba komai ba ne. Wataƙila kuma komai ne. Ba zan taɓa ba sai na ji daga gare ki.

Ƙanenki,
Akawu

Lahadi, 17 ga wata. Aikin farko: a nemo ambulan goma sha biyu.

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya. Mu ma lafiya, sai maƙwabcinmu da kunama ta harba, ya kuma sami sauƙi. Direba bai zo ba har yau. Na sami mai dafa wa sansaninku abinci ya zo ganin gida, gobe zai koma, shi zai kawo miki wannan.

Na san na ce zan jira. Na jira kwana goma sha biyu. Amma kullum na tayar da injin sai in ga rigar tana rawa, kuma abin da yake rawa yau gobe faɗuwa zai yi. Na ce rigakafi ya fi magani. Jiya na shimfiɗa tabarma a zaure, na ɗauko sifanata mai lamba goma, na kwance noti ɗaya don in duba kawai.

Yaya, na gano matsalar. A ƙarƙashin kan kowane noti akwai wata 'yar washa ta baƙar roba, mai laushi. A cikin ramin da notin yake shiga kuma akwai wani ɗan gajeren bututun ƙarfe, kamar an yanko bakin biro. In ka ɗaura noti, sai ya je ya tokari bututun ya tsaya, bai kai ga danne rigar ba. Ita kuma washar sai lotsewa take yi. To ta yaya riga za ta zauna? Ina jin a masana'anta ake sa su don kada kaya ya gogu a hanya, kamar kwalin da ake cusawa cikin sabon takalmi, wanda ya sayar miki ne ya yi ragwancin cire su.

Na cire duka. Kowace washa da bututunta na sa su a ambulan ɗinsu, na rubuta lamba da gefe: dama ɗaya, dama biyu, har hagu shida. Na mayar da notocin na ɗaure su tamau. Yanzu ko da tafin hannu ka doki rigar ba ta motsi. Maiɗakina ta fito ta same ni ina wanke hannu, ta dubi ambulan ɗin jere a kan tabarma, ta ce, "Malam, wanda ya ƙera abin nan bai kai ka sani ba ne?" Na ce mata ai shi ma ɗan Adam ne. Ta ce, "Haka ka ce ranar agogon bango." Ba daidai ba ne ta kawo zancen agogo, shi wannan dama tsoho ne.

Yau da na tayar da shi na ji wata 'yar sabuwar ƙara ta gefen dama, kamar ƙudan zuma ya shiga gwangwani. Ina jin dama uku ne bai gama ɗauruwa ba. Gobe da safe zan ƙara masa rabin juyi.

Ƙanenki,
Akawu

Zuwa ga Akawu,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarka ta ranar 4, da layin goge babur da komai. Lafiyata ƙalau, sai sauro da suka ɗauke ni 'yar uwarsu. A makon nan kaɗai na ɗinke kawuna uku, na karɓi haihuwa biyu, na ciro ƙusa daga diddigen wani injiniya da ya fi jaririn kuka. Ka gai da ƙanwata, ka ce ta sha ruwan ɗumi. Direba ya makara ne, motarsa ta lalace.

Yanzu ka saurara da kyau, ka karanta sau biyu, na san za ka karanta sau biyar. Kada ka taɓa rigar nan. Motsin da ka gani haka aka yi ta. Shekara huɗu ina hawan babur ɗin nan, da rami da kwazazzabo, tana motsinta, ba ta taɓa faɗuwa ba. Bakaniken da ke bayan kasuwa ya taɓa gaya mini dalili, na manta, amma na tuna ya ce in na ga mai sifana ya doso ta in kore shi da tsintsiya.

Ka san abin da ya sa na ba ka, ban ba Guguwa ba? Shi in ya hau abu sai ya ga ƙarshensa. Kai kuma in ka zauna kusa da abu sai ka ga cikinsa. Na auna, na ga shi ba ya jin magana, kai kana ji in an rubuta maka. To ga shi na rubuta. Ka goge, ka tayar, ka rufe. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Inna ta ce da ni wata biyu ba za su cika ba sai ka kwance shi. Na ce mata Akawu ya girma. Kada ka sa tsohuwa ta yi mini dariya, ka san ba ta mantuwa.

Yayarka

Laraba, 20 ga wata. Aikin farko: a je bayan kasuwa.

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata sauron sun yi sauƙi. Ki riƙa sa gidan sauro tun kafin magariba. Na sami takardarki jiya da hantsi. Na karanta sau biyar. Na je tasha ko zan karɓo tawa daga hannun mai dafa abinci, aka ce motarsu ta tashi tun shekaranjiya. Yanzu kin riga kin karanta ta. Ki ɗauke ta a matsayin tarihi.

Kowa lafiya. Ruwan sama ya sauka sau biyu. A ofis an kawo mana sabon kabad, an sa shi inda ƙofa ba ta buɗuwa sosai, na rubuta takarda a kai. Ƙugu da sauƙi. Famfon tsakar gidanmu, wanda ya shekara uku yana ɗiga, ya daina.

Game da babur, na mayar da abubuwan da na cire. Yana tashi bugu ɗaya. Ƙarar nan ta tafi. Rigar ta koma motsinta. Na kuma liƙa masa wata sitika mai hoton fure a gefen dama, don ado. Babba ce, amma ta dace da jan.

Ba wani labari.

Ƙanenki,
Akawu

Akawu,

Gaisuwa. Ina lafiya, aiki ya yi yawa, a tsaye nake rubuta wannan. Takardunka biyu sun zo. Ta farkon ta sa na zauna a kan gadon marar lafiya. Tunda ka mayar, shi ke nan.

Amma Direba ya gaya mini abin da ya gani a ƙofar gidanka. Ban ji daɗi ba. Za mu yi magana.

Yayarka

Alhamis, 5 ga sabon wata. Aikin farko: a faɗi gaskiya.

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya. Ni lafiyar jiki akwai. Tunda Direba ya riga ni, gara ki ji sauran daga bakina, a jere.

Ranar Litinin 18 ga watan jiya na ƙara wa dama uku rabin juyin da na ce. Ƙarar ba ta tafi ba. Na ƙara rabi. Sai na ji ƙas, kamar an taka ƙwai. Daga ramin notin tsaga ta fita ta ko'ina kamar ƙafafun gizo-gizo, ɗaya ta gangara ƙasa tsawon yatsana na tsakiya. Na tsaya ina kallo. Na kashe injin, ko da yake saura minti huɗu. Na rufe shi da zane na tafi ofis, na sa fayil ɗin ma'aikatan da suka rasu a cikin na masu neman hutu.

Washegari takardarki ta zo.

Ranar Laraba na tura shi bayan kasuwa, ban hau ba. Bakanike yana ganin sa ya ce, "Wannan ai na Nas ne. Wa ya yi masa haka?" Na ce wani ne. Ya ce, "Wanin nan yana da sifana lamba goma a aljihun gaba?" Na duba, tana nan. Ya kira mai facin taya da mai walda su zo su gani. Mai shayi ma ya zo, ba a kira shi ba.

Bakanike ya ɗauki noti ɗaya ya ce, "Malam, kana aikin ofis?" Na ce e. Ya ce, "In shugabanku da ɗan kwangila za su yi faɗa, wa ake sawa a tsakiya?" Na ce ni. Ya ce, "To kai ne washa. Injin yana girgiza, ƙarfe yana girgiza, roba ba ta iya jure wannan. Washa ce take shanye girgizar. Shi kuma bututun, aikinsa ya ce wa noti iyakarka nan. In ka cire shi, noti bai san ya isa ba, sai ya ci gaba har ya fasa." Mai walda ya ce ai akwai mutane haka. 

Bakanike ya ce yanzu sai an yanko wasu washar daga tsohon tiyub, tunda na zubar da na asali. Na ce ban zubar ba. Na fito da ambulan goma sha biyu na jera masa a kan benci. Ya karanta dama ɗaya, dama biyu, sannan ya ce shekara talatin yana wannan aiki bai taɓa ganin ɓarna mai tsari irin wannan ba. Ban san ko yabo ne ba. Na rubuta a littafi dai.

Da muka zo hagu huɗu, bututu yana ciki, washa babu.

Na koma gida da sauri. Na ɗaga tabarma, na share zaure, na zazzage takalma. Maiɗakina tana kan keken ɗinki, ta ce me nake nema. Na kwatanta mata. Ta ce, "Oh, 'yar baƙar nan? Tana cikin famfo." Ashe ranar da na tafi ofis ta buɗe ambulan ɗaya, ta ga abin ya yi daidai da bakin famfo, ta ari filaya a maƙwabta ta sa. Na ce ta Yaya ce, a ciro. Ta ce, "Shekara uku kana rubuta gyaran famfo a littafinka kana mayar da shi gobe. Ni na gyara da abin da ka ce shara ce. Ka taɓa famfon nan, ka ga yadda ake kwance mutum." Na ce amana ce. Ta ce, "Amanar da ka fasa?" Na bar famfo.

Don haka hagu huɗu na tiyub ne, bakanike ya yanka. Sauran sha ɗaya na asali ne. Tsagar kuma ya narka ta daga ciki da ƙarfe mai zafi, ya ɗinke da siririyar waya, ya ce ba za ta ƙara tafiya ba. Daga waje ana ganin layin. Shi ya sa fure. Na ce miki don ado ne. Ba don ado ba ne. Na zana miki hoton tsagar a bayan takardar nan, daidai girmanta, na sa kibiya.

Ban san wanne Direba ya gani ba, ko layin da ya leƙo ta ƙasan furen, ko ni ina danna sitikar. Guguwa ya zo ranar Asabar ya tsaya yana kallon furen. Ya ce, "Akawu, yaushe ka fara son furanni?" Na ce tun ina yaro. Ya kai farce zai ɓanɓare gefe, na ce hannunsa da maiƙo.

Na san sharaɗi. Makulli yana cikin ambulan, na rubuta sunansa a kai. Kalma ɗaya nake jira daga gare ki in kai masa. Da sallama, kamar yadda ya ce.

Ƙanenki mai laifi,
Akawu

Asabar, 28 ga wata. Aikin farko: a leƙa tasha.

Yaya,

Gaisuwa. Kowa lafiya. Mako uku da kwana biyu ke nan. A tasha sun ce ruwa ya cinye gadar hanyarku, ba mota. Na yarda da su, amma na kuma san shiru ma magana ce. In kin ga ba sai kin rubuta ba, na fahimta. Zan ajiye wannan a wajen mai sayar da tikiti, duk wanda ya fara tafiya ya kai.

Ina tayar da shi kullum. Ba na kallon gefen dama.

Akawu

Zuwa ga Akawu,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Gada ce, ba fushi ba, ko da yake da akwai hanya a makon farko da ka sha fushin ma. An gyara jiya, takardunka biyu suka zo tare. Na karanta doguwar a ɗakin magani, abokiyar aikina ta leƙo ta ce ko rasuwa aka yi, don ta ga ina share ido. Na ce a'a, famfo ne.

Bari in fara da Direba. Bai ga tsaga ba, bai ga fure ba. Abin da ya gani shi ne kai, da kayan ofis, da takalmi sau ciki, a tsugune a bakin titi kana wanke tayar baya da buroshin haƙori, mutane sun tsaya suna kallo. Ya ce mini, "Nas, ɗan uwan nan naki lafiya kuwa?" Abin da ban ji daɗinsa ba ke nan. Na so in ce maka ka sassauta wa kanka, babur ne, ba jariri ba. Da ka yi shiru da har in dawo ina yaba furenka. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Ba zan ce maka ban ji zafi ba. Na ji. Babur ɗin nan shi ne abu na farko da na mallaka sabo fil, ban gada ba, ba a ba ni kwance ba. Shekara huɗu ban bari ko ƙofa ta goge shi ba. Na dubi zanenka da kibiyarsa na ce wannan mutum ko kashe ni ya yi sai ya rubuta lokaci.

Na kwana biyu ina tunani. Ga abin da na yanke, ka sa masa lamba in kana so.

Makulli yana wajenka. Ka cire shi daga ambulan ka yaga ambulan ɗin. Babur nawa ne, ba na Inna ba. Amma sharaɗin a gabanta aka yi, ba zan yi mata ɓoye-ɓoye ba. Kai za ka hau shi ka je gidanta, ka ɓanɓare furen a gabanta, ka gaya mata da bakinka. Ga 'yar takarda na sa a ciki, ka ba ta. In bayan ta gani ta dage, to uwa ce, ka miƙa.

Sifana kuma ka ba ƙanwata. Ta sa a akwatin keken ɗinkinta ta kulle. Duk gidan ita ce ta san abin da ake yi da washa. Ta famfo ta zauna a famfo, na ba ta kyauta.

Saura wata biyu in dawo. Ka bar mini wani abu da zan gane.

Yayarka

Lahadi, 13 ga wata. Aikin farko: an riga an yi shi jiya.

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, na gode Allah da kina lafiya. Mu ma lafiya. Ƙugu ya ɗan tashi saboda zaman tabarmar gidan Gwaggo.

Kafin komai, akwai abin da ya dame ni. Kada ki ga kamar na faɗi gaskiya ne don kaina. A'a, tsoron Direba ne ya sa. Na tambayi kaina ko da zan faɗa in ba don haka ba, na ce e, na ce a'a, na bar shi a buɗe. Ki sa wannan a ma'auninki.

Jiya da la'asar na hau na je. Ina sallama Gwaggo ta ce da jikarta a shigar da fanka ɗaki. Guguwa yana nan, ban san wa ya gaya masa ba, har da hular kwano a hannu. Na shigo da babur tsakar gida, na gaishe ta, na durƙusa na ɓanɓare furen. Ya ƙi fita gaba ɗaya, rabinsa yana nan. Na faɗi komai tun daga ranar 16. Ina kan bayanin hagu huɗu ta ce in taƙaita.

Ta sa tabarau, Guguwa ya karanta mata takardarki, da ya zo inda kika ambace shi ya tsallake, ta ce ya koma. Sannan ta taso ta sa yatsa ta bi layin tun daga sama har ƙasa. Ta ce, "Wata nawa ka yi kafin ka kwance?" Na ce kwana goma sha tara da tafiyarki. Ta ce, "Na ce wata biyu. Ashe na yi maka kyakkyawan zato."

Guguwa ya miƙo hannu ya ce, "Inna, sharaɗi."

Ta ce da ni, "Yana tafiya?" Na ce yana tafiya, a kansa na zo. Ta juya wajensa ta ce, "Kai naka na bara, wanda aka ciro daga kwata da igiya, yana tafiya?" Ya ce ai wannan laifin akuya ne. Ta ce, "Shi wannan ya zo bai kawo mini akuya ba. Sauke hannunka, kana tare mini iska." Ta ce in tashi in tafi da abina kafin ta sake shawara, kuma in fita ta ƙofar da ba ta kusa da injin markaɗe.

Guguwa ya rako ni waje. Ya ce, "Akawu, kai ko ɓarna ka yi sai a ba ka lada." Na ce in yana so in nuna masa yadda ake ajiye noti a ambulan. Ya ce Allah ya sawwaƙe. Amma ya riƙe mini babur na hau.

Sifana tana akwatin keke tun ranar da takardarki ta zo. Maiɗakina ta sa makullin akwatin a bakin zanenta. Sau ɗaya na tambaye ta, don ƙafar kujera, ta ce in kawo kujerar.

Direba yana jira a waje, ya ce in gaya miki bai ga komai ba yau. Ragowar shafin na gobe ne, ba ni da lokacin yage shi.

Ƙanenki,
Akawu

Litinin, 14 ga wata. Waɗanda ba a gama ba:

1. Rabin furen da ya maƙale. A tambayi bakanike ko ruwan ɗumi yana fitar da shi. Kada a kankare.
2. A mayar wa maƙwabci filayarsa, tana kan taga kusan wata biyu ke nan.
3. Fayil ɗin marigayan. Biyu har yanzu suna cikin masu neman hutu, an amince wa ɗaya.
4. A soke gyaran famfo daga shafukan baya. Shafi ɗari da wani abu ne, a yi kaɗan-kaɗan.
5. Madubin hagu yana ɗan motsi. A je bayan kasuwa a ji ko shi ma haka aka yi shi. A tafi hannu a aljihu.